Likitan Da Ke Rage Wa Mutane Tumbi

Na san abin da za ku ce, bari ma in riga ku: "Lallai duniya ta zo ƙarshe! Mu muna fafutukar abin da za mu zuba a ciki, wasu kuma suna biyan kuɗi a yanke musu nasu." To Malam, gyara zama, ka bar dariyar tukuna.

A birnin Houston na jihar Texas ta Amurka akwai wani dattijo, Dakta Younan Nowzaradan, wanda aka fi sani da Dakta Now. A Iran aka haife shi a 1944, ya gama karatun likita a Jami'ar Tehran a 1970, sannan ya haura Amurka ya ƙware a tiyata. Tun 2012 ake nuna aikinsa a tashar TLC, cikin shirin My 600-lb Life. Masu zuwa wurinsa sukan kai kilo 270, wato buhun shinkafa biyar da ɗoriya, a kan ƙafafu biyu. Wasu ba sa iya wanka sai an yi musu, wasu a bayan mota ake shimfiɗe su a kawo su, don kujera ba ta ɗaukarsu.

Ga wani can yana cewa, "Ai abin da sauƙi, su rage ci mana!" Sannu gwani. Kai da ka sha alwashin barin lemon kwalba tun azumin bara, yaya aka kwana? Ai shi ma likitan ba da wuƙa yake farawa ba. Takarda yake miƙa wa mara lafiya: abinci mai kalori 1,200 a yini, ban da sukari, ban da shinkafa da burodi da dankali, je ka ka dawo bayan wata ɗaya ko biyu ka hau sikeli. Nan ake yin ta. Mutum ya dawo yana rantsuwa bai taɓa komai ba, sikeli kuma ya ce ya ƙara. Dattijon ba ya ɗaga murya, kallon lambar kawai yake yi, ya kalli mai rantsuwar, ya sake sallamarsa gida. Ba mugunta ba ce: ramar farko tana rage kitsen hanta, aikin ya yi sauƙi, tana kuma nuna wanda zai iya riƙe bakinsa bayan an ɗinke shi. Da yawa ma sai ya haɗa su da likitan ƙwaƙwalwa, domin baƙin ciki ne ke tura musu loma.

Tiyatar kuwa ba kitse ake kwashewa ba, kamar yadda 'yan majalisar shayi ke zato. A wani nau'in, ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar siririn bututu, kuma ɓangaren da aka cire shi ne ya fi samar da sinadarin girelin mai tayar da yunwa. A wani nau'in kuma ana ware ɗan ƙaramin aljihu a haɗa shi kai tsaye da hanji. Wannan dabarar Dakta Edward Mason na Jami'ar Iowa ya soma ta a 1966, bayan ya lura masu gyambon ciki da aka rage wa tumbi ba sa ƙiba. Mutane da dama ciwon sugansu yana lafawa bayan aikin. Amma ba kyauta ba ne: shan bitamin da maganin ƙarin jini har abada, wasu ƙibar ta dawo musu, wasu daga cikin waɗanda aka nuna a shirin ma sun riga mu gidan gaskiya.

Kuma kada ku ce ciwon Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 masu fama da ƙiba sun haura biliyan ɗaya, ba duka ne a Texas ba. Mu nan in teɓa ta fito sai a ce Alhaji ya samu duniya, a ƙara wa malum-malum yadi. Hajiya kuma, ina kwanan sha-ka-fashen da aka saya gab da biki? Na gan ki kina sunkuyar da kai.

Don haka Alhaji, kafin ka ƙarasa dariyar, biya asibiti gobe da safe ka hau sikeli, a auna maka suga da hawan jini. In ka dawo sai mu yi dariyar tare.