Masu Ƙera Motar Gwangwani a Agadas, Kowa da Halinsa

A Turai da Japan akwai manya masu furfura da ke sayen mota a cikin kwali, an yayyanka ta gunduwa-gunduwa ta roba, su yi wata guda suna liƙawa da gam suna shafa fenti. Da wannan kamfanoni irin su Tamiya na Japan da Heller na Faransa ke cin abinci. A jikin kwalin za ka ga an rubuta 1/24, wato sai an jera irinta ashirin da huɗu kafin a kai tsawon ta gaske. Mu a Agadas kwalinmu juji ne: gwangwanin madara, na tumatir, na kifi, waya, langa-langa, tsohon silifas da robar taya. Takardar bayani kuwa tasha ce. Ka je ka tsaya ka ƙare wa mota kallo har karen mota ya kore ka.

Na daɗe da lura cewa duk motar da ke ciyar da garin nan ita yara ke turawa a lungu. Lokacin da Nasara masu yawon buɗe ido ke cika gari, Land Cruiser ake yi, har da tanti a bisa. Da zinariyar Jado ta fito a 2014, sai kowa ya koma ƙera a-kori-kura mai ganga a baya. Amma fiye da labarin gari, halin mai ƙirar ne ba ya ɓuya a jikin motarsa.

Akwai Mai Awo. Tsinken tsintsiya ne ma'auninsa, ya gutsure shi daidai tsawon da shi kaɗai ya sani. Zai tafi tasha da rana tsaka don ya ƙirga notin tayar Hilux, ya dawo ya sanar da jama'a cewa shida ne, duk wanda ya sa huɗu ya sake. Ƙofar motarsa tana buɗewa, sitiyarin yana juya tayoyin gaba, har sifirin ya yi mata da na cikin biro. Aibinta ɗaya: ba a taɓa ganinta a ƙasa ba. Tun bikin Bianun bara ake jiran a sa mata tayar baya, ga wani Bianun ya ƙarato. In ka tambaye shi, sai ya ɗaga ta sama ya kanne ido ɗaya ya ce, "Ba ka ga ta karkace ba?" Babu wanda ya gani sai shi.

Kishiyarsa Mai Lodi ne, kuma a gaskiya shi na fi so. Shi mota ba ta dame shi ba, tunda ba za a gan ta ba. Abin koyinsa manyan Mercedes ɗin nan masu zuwa Dirku, waɗanda kaya ke rufe su har ka ɗauka tudu ne ya yi taya. Yana bin teloli yana tsintar ƙyalle ya ɗinka buhuna, ya yanka soso ya yi katifu, ya rataya murafen biro a gefe su zama jarkokin ruwa, har ya naɗe su da zaren buhu kamar yadda matafiya ke yi don ruwa ya yi sanyi. Fasinja kuwa ƙwallon dabino ne, kowanne da rawaninsa na tsumma. In Hilux ya yi, ba ya manta sandunan da ake kafawa a baya don masu tafiya Libiya su riƙe, ƙafafu na reto a waje. Kuma ba ya fito da ita sai ranar da ayarin gaske ke tashi. Turawar farko gindin motar ya zauna, fasinja su watse cikin rairayi, akuya ta cinye mutum uku. Ko a jikinsa. Cewa yake yi, "To ita ta gasken ba haka take yi ba?"

A gefensa kullum akwai wani yaro da bai iya lanƙwasa waya ba, sai ya naɗa kansa jandarma. Zare yake gittawa a bakin lungu, kowace mota dabino ɗaya. Bayan dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure kasuwarsa ta buɗe, ya riƙa kama motoci yana tarawa a bayan murhun uwarsa. Da aka soke dokar a Nuwamba 2023, wanda ya gaje shi a lungun bai sauke zaren ba, ya ce shi takardar ba ta iso masa ba.

Sai Ɗan Rali, wanda yanzu dattijo ne mai jikoki. Tseren Paris-Dakar ya fara ratsa Agadas a farkon 1979, kuma shi har yau ƙurarsa ba ta kwanta masa ba. Duk gwangwanin da ya shiga hannunsa sai ya fito da lamba a ƙofa, da fitilu huɗu na murfin kwalba, da tambarin da ya yanko daga kwalin sigari. Zai ba ka labarin Thierry Sabine, mai shirya tseren, wanda ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a 1986, kamar tare suke shan shayi. Ya rantse shi ya tura Peugeot 205 ta Ari Vatanen, wanda ya ci tseren 1987, lokacin da ta kafe. Na ƙirga dattawan da suka faɗa mini sun tura motar nan. Da gaskiya suke, da Peugeot ba ta wahalar da kanta ta sa mata inji ba. In jika ya ce, "Kaka, ai yanzu a Saudiyya ake yi," sai ya tsuke baki ya ce wannan yawo ne, ba rali ba.

Injiniyan Baki bai taɓa huda gwangwani ba. Yana tsugune, hannu a haɓa: gaban ya yi tsawo, tayar ta yi ƙanƙanta, da shi ne da ba haka ba. Miƙa masa filaya, yanzu zai tuna an aike shi.

Mai Kwali kuma babban mutum ne, ma'aikaci, wanda ya je kwas Faransa ya dawo da irin ta Turawan, sabuwa fil a leda. Shekara da shekaru tana bisa kabad. Ranar da ya yi niyya ya buɗe, ya tarar gam ɗin ya daskare, zafin kwanon ɗaki kuma ya lanƙwashe rufin motar kamar ganyen da ya sha rana. Bai karaya ba, ya aika Yamai aka kawo wani gam. Ya shafa jan fenti da asuba ya ajiye a taga ya sha iska, ya manta cewa hunturu ake yi. Kafin hantsi motar ta koma launin hasumiyar Babban Masallaci. Madubin gefe, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya faɗi ƙasa, uwargida ta share shi da safe. Maƙwabta sun ga Alhaji da tabarau yana tankaɗe shara da rariya.

"Alhaji, lafiya?"

"Lafiya lau. Wani ɗan abu ne na ofis."

Yara ba sa taɓa masa ita, ba a tura ta, ba ta ɗaukar ko tsinke. Ni dai motar da ba ta taɓa shan rairayi ba, ban san da me ta fi hoton kalanda ba.

Direba shi ba ruwansa da ƙira, ara yake yi. Injinsa a maƙogwaro yake, yana sa giya da murya, yana taka burki da haƙora, yawu na fita kamar lagireto ya fashe. Ka ba shi fili fetal wanda babu komai cikinsa sai tulu ɗaya, tulun zai je ya daka. Ina zargin jininsu ɗaya da direban da ya kaɗe itacen Tenere a 1973, itace tilo a tsakiyar hamada, wanda gawarsa ke gidan tarihi na Yamai yanzu, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Kada ka ara masa motarka sai kana da wata.

Na bar Maharbin Taya a ƙarshe saboda kunya, don a wannan sahun nake. Gwangwani ko'ina akwai, waya ma ba ta wuya, amma taya mai kyau sai silifas mai kauri, kuma silifas mai kauri ba a yar da shi. Maharbi ba ya kallon fuskar mutum, ƙafarsa yake kallo. Wata rana baƙo ya zo wurin mahaifina daga Ingal, ya tuɓe sababbin silifas a ƙofar zaure. Na yi lissafi na ga ƙafa ɗaya za ta ba ni taya huɗu, saboda haka na yi adalci na bar masa ɗaya. Da ya fito aka nema aka rasa, aka ɗora wa kare. Asirina ya tonu ne da la'asar, lokacin da na zo wucewa gaban Baba ina tuƙi, tayoyina shuɗi shar, launin ƙafar da ta rage a zaure.

"Zo nan, direba," in ji shi. "Ina ka sayi taya?"

Abin da ya biyo baya ba na rubutawa ba ne. Motar dai an kama ta, kuma har yau ba a sake ta ba.

Yanzu motocin roba na Sin masu batir sun cika kasuwa, kwana biyu su mutu. Amma ko su ba a asara, don yaran lungunmu kwance su suke yi su cire ɗan injin su sa wa ta gwangwani. In yaro ya yi maka sallama yana neman gwangwanin madarar da ka gama da shi, ba shi, ka haɗa masa da murfin. In kuma ka zo Juma'a a Agadas da sabon silifas mai kauri, ka shiga da shi a hammata.