Aya a Mashigin Drake

Da yamma jirginmu ya bar Ushuwaya, garin da ke ƙarshen kudancin Ajantina, ya bi Mashigin Beagle, ruwa luf, kowa na ɗaukar hoto. Kafin asuba mun shiga Mashigin Drake, sai zance ya sha bamban. Faɗinsa kusan kilomita 800 ne, tsakanin Kudancin Amurka da tsibiran bakin Antaktika. Ruwan da ke zagaye nahiyar ƙanƙarar ba shi da ƙasar da ke tare shi, sai a nan yake matsewa ya wuce, kuma a kanmu ya huce haushinsa.

Alwala dai rabin ruwanta bango ne ya sha. Na tayar da salla, ina sunkuyawa ruku'u jirgin ya karkata, sai ga ni a sujada ba shiri. A zaune na ƙarasa, ina yi wa malaman da suka karantar da mu hukuncin mai uzuri addu'a.

Na fito ina tangaɗi kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Duk inda ka kai hannu a ƙarfen dafawa, ledar amai ce aka saƙale, kuma wallahi ba don ado ba. A ɗakin cin abinci an ɗaure kujeru a ƙasa, an jiƙa zanen tebur don kada faranti su zame. Farantin ya tsaya cak, cikina ne ya ƙi tsayawa. Likita ya manna mini magani a bayan kunne, bakina ya bushe ƙamas.

Da hantsi aka yi lacca kan albatros, tsuntsun da faɗin fukafukansa ke wuce mita 3. Mai laccar ya rungume teburinsa yana bayani, mu kuma ana zare jiki ɗaya bayan ɗaya.

Da la'asar aka yi kiran tsabtace kaya. Ƙa'ida ce: ba a shiga Antaktika da iri ko ƙasar wani wuri, don haka kowa ya kawo rigar sanyinsa a zuƙe aljihu da inji. Turawa nasu ɗan gashi ne da zare. Ana zura bututun a nawa sai ƙarar ƙas-ƙas-ƙas ta cika ɗakin. Aya ce, guzurin da Inna ta cusa mini tun a Kano.

Matashin da ke riƙe da injin ya ɗaga ƙwaya ɗaya da hantsaki yana juya ta.

"Yallaɓai, wannan tana tsirowa?"

"Samari, tambayi duk manomin da ta taɓa shigar masa gona."

Nan take ya sa safar hannu, ya kira mutum biyu, suka zazzage ni har hula.