Takunkumi Ɗaya, Baki Goma

Da korona ta dira Turai da Amurka a farkon 2020, abin da mutanensu suka fara wawashewa a kantuna shi ne takardar shiga ban-ɗaki. Mun yi dariya har da riƙe ciki. Muka ce ga amfanin rashin buta, ga kuma ƙarshen rayuwar kowa tasa ta fisshe shi. Mu kuwa ai mutanen zumunci ne, ciwon ɗaya na kowa ne.

To, ciwon ya zo. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko a Kano, kwana biyar bayan haka aka kafa dokar kulle, ga azumi a bakin ƙofa. Likitoci suka ce taimakon da za ka yi wa ɗan'uwanka shi ne ka nisance shi. Nan fa ake yin ta. Ka miƙa wa dattijo gwiwar hannu maimakon musabaha, kafin magariba an kai ƙararka wurin mahaifinka.

Gari ya rabu biyu. Akwai 'yan "babu korona", masu cewa cutar masu hawa jirgi ce, kuma in ajali ya zo ko a cikin kwalba kake sai ya same ka. Gaskiya ne. Sai dai mai wannan wa'azin ba ya kwana bai sa wa shagonsa kwaɗo uku ba. Tawakkalinsa a kan tari kawai yake aiki. Akwai kuma Alhajin unguwa, wanda a kowane ɗaurin aure yake tuna mana cewa zumunci a ƙafa yake. Shi ne ya fara garƙame ƙofa, ya cika sito da shinkafa, ya girke bokiti mai famfo a waje, ya ce wa maigadi ko ƙaninsa ne ya zo a ce barci yake yi. Citta da tafarnuwa da lemon tsami kuwa sun ga gata, kowa ya zama boka a gidansa.

Da aka sassauta dokar, aka ware Litinin da Alhamis don cefane. Mutanen da aka raba kwana da kwanaki sai aka sake su lokaci guda, suka cushe a kasuwa kafaɗa da kafaɗa. Da alama an yi yarjejeniya da cutar cewa ranakun nan biyu tana hutu.

Amma inda zumuncinmu ya nuna kansa sosai shi ne ƙofar banki. Mai gadi ya ce ba shiga sai da takunkumi. Wanda ya fito sai ya zare nasa, da ɗuminsa da danshinsa, ya miƙa wa na baya. "Riƙe, Malam, in ka fito ka ba wancan bawan Allah." Na bayan ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya saƙala shi a haɓa, hanci na shan iska. Ina Bature zai iya wannan karamcin?

A watan Oktoba ne aka fasa rumbunan kayan tallafi a Jos da Kaduna da wasu garuruwa, aka tarar da abincin da aka ce na jama'a ne jibge yana jiran ranar da ba ta zo ba. Masu ɓoyewa sun ɓoye don kansu, masu kwasa kowa ya saɓa buhunsa ya nufi gidansa. Don haka, mai karatu, a daina yi wa masu takardar ban-ɗaki dariya. Su dai da kuɗinsu suka saya.