Masu Kokawa da Intigiral

Malamin kalkulas na zana doguwar alamar nan ∫, wadda Leibniz ya ƙirƙiro a 1675, sai halin kowane ɗalibi ya fito fili.

Akwai Sarkin Musanya. Duk abin da ya tsole masa ido sai ya raɗa masa suna u. A ba shi 2x cos(x²), layi uku ya gama, har ya waiga ya ga ko ana kallonsa. Ranar da dabarar ta ƙi ci kuwa, sai ya cusa v cikin u, w cikin v, haruffa su ƙare tambaya na nan daram.

Na fi tausayin Mai Raba-Biyu. Ya kama eˣ sin x ya raba, ya sake rabawa, sai ga tambayar farko ta dawo tana masa sallama. "Wallahi wannan da aljanu a ciki," in ji shi, ya soke shafi guda. Bawan Allah bai san a bakin ƙofa yake ba: mai da baƙon ɗaya ɓangaren kawai zai yi, ya raba da biyu, ya tafi cin abinci.

Alhajin Waya ba ya gumi. Wolfram Alpha ke masa aikin gida, sai ranar jarrabawa a karɓe wayar, ka gan shi yana ƙirga fankokin ɗaki.

Ga kuma wanda ya ji labarin dabarar Feynman jiya da daddare, yau ko ∫x dx ka ba shi sai ya jawo ta. Mutum ya ɗauko gatari don yanke farce!

Mai Taurin Kai shi ne ke kwana a aji kan e^(−x²), littafin Stroud a buɗe, sauro na shagali. Ka ce masa tun shekarun 1830 Liouville ya nuna akwai intigiral da ba sa rubutuwa da alamomin lissafi na yau da kullum, wannan kuma cikinsu yake. Zai ce, "Shi Liouville ɗin bai gwada tawa hanyar ba."

Can a layin gaba akwai Gwana, mai tsaftataccen rubutu, kowane mataki daidai. Takarda ta dawo an zabge mata maki ɗaya, jan biro ya kewaye inda +C ya kamata ya zauna. Har yau ba ta gaida malamin da fara'a.