Takardar Shari'ar Direban da Ya Bugu

Mai tirela a Kano da zai ɗauki sabon direba, kuma yake son sanin ko kotu ta taɓa kama shi da tuƙi cikin maye a hanyar Anaca, Inugu ko Fatakwal, ya tanadi haƙuri da kuɗin mota. Laifin dai yana nan a doka. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da shi cikin jerin laifukanta, ga kuma kotunan tafi-da-gidanka. Matsalar ita ce kotun da ta zauna a bakin titi da hantsi ta naɗe teburinta kafin la'asar, in ma maganar ta kai gaban alƙali ba a kashe ta ta tagar mota ba. Wani zai ce ai akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Gaskiya ne, amma dokar tana ba ka takardar da aka rubuta ne, ba ta haifar da wadda ba a rubuta ba.

Wani kuma zai ce bincike ma ɓata lokaci ne, direbanmu ba ya shan ogogoro ko da ana tallarsa a Upper Iweka ta Anaca. To, madalla, sai dai na'urar busawa giya take ji, ba ta san tiramadol ba. Don haka mai neman tarihin direba ya bar rajistarar kotu, ya nufi zauren Sarkin Hausawa ko teburin mai shayi a 9th Mile ta hanyar Inugu, inda za a faɗa masa ranar da direban ya yi haɗari, da motar, da ramin da ta kwanta, har da wanda ya yi beli.