Yadda Ake Shimfiɗa Falalen Tsakar Gida Daga Kan Kujera

Da farko ka san abin da ke gabanka. Falalen kankare mai santimita 60 ta kowane gefe da kaurin santimita 5 yana da nauyin kilo 43. Buhun siminti ya fi shi da kilo 7, amma buhu yana lanƙwasa ya kwanta a kafaɗa. Falale ba ya lanƙwasa, mai ɗaukarsa ne ke yi. Don haka aikinka na farko shi ne ka tabbatar ba kai ne mai ɗaukar ba.

Tun jajibiri ake shirya wannan. Bayan isha'i, a gaban aƙalla mutum biyu na gidan, ka miƙe daga tabarma a hankali, ka dafe ƙugu, ka ce "wash". Sau ɗaya ya wadatar. In ka maimaita za a aika kiran wanzami. Ka riƙe gefen da ka dafa, domin gobe ma a nan ciwon zai kasance.

Da safe ka tara ma'aikata: ƙanenka, ɗan yayarka da ya zo hutu, da duk maƙwabcin da ya leƙo ya ce "me ake yi ne?" Su haƙa ƙasa zurfin santimita 20, su zuba tsakuwa ta cike rabi, su daɓe ta sosai. Kai kuma ka kafa kujerarka a inuwa, taku huɗu daidai daga bakin ramin. A taku uku za a miƙo maka shebur. A taku biyar ba za a ji gyaranka ba.

Kwaɓin kwano huɗu ne na yashi, ɗaya na siminti, a shimfiɗa shi ya cika ƙarƙashin kowane falale, in ba haka ba zai riƙa rawa duk sanda aka taka. A ba daɓen gangare na santimita 1 a kowane santimita 60, ya juya wa ɗaki baya. Inda ruwan zai nufa daga nan, wannan tsakanin damina ne da mai katangar da ke kusa.

Yanzu sai kayan aikinka, guda uku ne kuma a jere ake amfani da su: "matsa kaɗan", "ya yi yawa", "mayar da shi yadda yake". Ba a furta ko ɗaya sai falalen ya zauna daram a kan kwaɓi, yaran sun miƙe suna share gumi, tunda kafin nan babu abin gyarawa. Ma'aunin ruwa kai za ka riƙe, ba shi da nauyi. Ka ɗora shi, ka duba kumfar. In ba ta tsakiya, ka karkata kanka har sai ta zo.

Wajen falale na shida ɗaya zai sauka a kan babban yatsan wani. Kada ka tashi. Ka jira ihun ya lafa, ka ce "sannu", sannan ka tuna masa cewa da gwiwa ake ɗaga kaya, ba da gadon baya ba. A wannan lokacin shawarar ta fi shiga.

A kusurwar ƙarshe za a tarar gurbin da ya rage santimita 40 ne, falalen kuwa har yanzu 60. Wani zai kawo maganar aro injin yanka. Ka dube shi, ka ce ai tun farko nan ka ware wa randa. A kawo randar, a cika ta da ruwa don kada wani ya ɗaga.