Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Kannywood

Hajiya, ya fama da Hukumar Tace Fina-finai? Allah ya ƙara haƙuri.

Ni tsohon mai kallonki ne tun zamanin kaset, lokacin da ake hure kan bidiyo da baki in hoto ya soma rawa. Tun Turmin Danya na 1990 nake biye da ke, saboda haka ina da bakin yin magana. Kuma maganar ɗaya ce: yaushe za ki fita daga falo?

Shekara talatin da 'yan kai kina zaune kan kujerar kushin. Alhaji ya shigo, ya ajiye makullin mota a tebur, uwargida ta harari amarya, a kawo lemo a faranti ba wanda zai sha. Har labulen wani falon na haddace, don na gan shi a fim ya fi goma. Alhali ga Gandoki can a kanta, ƙura ta rufe shi, yana jira tun 1934.

Ko kin manta shi? Littafin Malam Bello Kagara ne, yayan Abubakar Imam, ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Jarumi ne na Kwantagora da ya gwabza da Turawa, da aka ci ƙasar sai ya nausa gabas shi da ɗansa Garba Gagare, suka faɗa duniyar aljannu da yaƙe-yaƙe har ƙasar Hindu. Ki lura da wannan, Hajiya. Mutumin nan ya riga ki zuwa Indiya da shekara hamsin da wani abu. Ke da ba ki da aiki sai leƙen tukunyar Indiyawa, ga labarin gida da ya kai ki can da kansa, ba mai cewa kin yi sata.

Na san amsarki: kuɗi. To, ina doki yake tsada a ƙasar da ake hawan Daushe? Sulke, lifidi, kwalkwali, kakaki, duk suna nan a gidajen sarauta, sau biyu a shekara ake fito da su. Ga dutsen Kufena, ga dajin Falgore. Yaranmu kuwa sun zauna sun kalli Baahubali da fassarar Hausa har sun haddace sunayen mayaƙansa, amma ki tambaye su wane ne Iliya Ɗan Maiƙarfi, su ce ko ɗan ƙwallo ne. Iliyan Ahmadu Ingawa fa, mai doki Kwalele! Kuma abin ba sabo ba ne, tun 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim, ba kwamfuta ba jirgi maras matuƙi.

Sai dai ina da sharaɗi, don na ga aljanunki. Na taɓa kallon wani fim, aljanin ya fito an shafe masa fuska da farar hoda, an yafa masa zanin gado, yana dariya murya na amsa kuwwa kamar daga cikin randa. Da ya zo ɓacewa sai ya yi ɓat, amma inuwarsa ta tsaya a bango tana jiran darakta. Ƙaramin jikana, maimakon ya tsorata, cewa ya yi aljanin na sanye da silifas irin na Baba. In irin wannan za ki haɗa da Gandoki, gara ki bar shi ya ci gaba da barci.

Kuma don Allah, kada in ga Gandoki ya jingine mashi ya shiga lambu yana zagaya bishiya da budurwa. Kirari yake yi, a nemo maroƙi da mai kalangu. In rawar ta zame dole, a bari sai an isa Hindu, can ba ruwana.

Ki gwada kashi goma sha biyu kawai, kamar yadda kike jan dogon zango a YouTube. Ni na ɗauki alkawarin sayen data, in kuma ana neman wanda za a kashe a yaƙin farko, ina da rawani da tsohon takobin kakana.

Naki mai kallo,
Wani dattijo daga Tudun Wada, Zariya.